Ina son zama lauyar naƙasassu, Baba ya ce wa zai biya ni

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni 'yar Damagaram ce, a Birni aka haife ni, shekaruna 23. Bana nake ƙare lisans ɗina na shari'a a Yamai. Ina da ƙane, shi ne autanmu, ɗan shekara 9. Sanƙarau ya kama shi yana da shekara 4, Allah ya tashi kafaɗunsa, amma ciwon ya tafi da jinsa. Sau biyu Inna tana kai shi lakwal ta unguwa, sau biyu darakta yana cewa ba su da malamin da zai iya da kurma, a mai da shi gida. Yanzu a ƙofar gida yake yini, yara suna tsokanarsa. Wani maƙwabcinmu har ya ba Inna shawarar a riƙa tura shi bara ranar Juma'a. Tun ran da na ji wannan magana barci ya ƙaurace mini.

Na karanta a intanet cewa a Amurka akwai lauyoyin da ba su da wani aiki sai kare haƙƙin naƙasassu da karatun yara masu buƙata ta musamman. Abin da raina ke so ke nan. Amma Baba, wanda ya sayar da gonarsa ta hanyar Mirya saboda karatuna, ya ce: "Lauyar makafi da guragu? Wa zai biya ki?" Kawuna ya samo mini gurbi a ofishin wani lauya a Yamai mai aikin bankuna da manyan 'yan kasuwa, ya ce in ban so ba in yi kwankur na alƙalai. Wata biyu ke nan rabona da magana mai daɗi da Baba. In na bi su, gani nake na ci amanar ƙanena. In na bi zuciyata, na butulce wa mahaifina. Har ina tunanin in fara da maka daraktan nan a kotu. Gwaggo, ina zan sa kaina?

Wata ɗiyarki daga Damagaram

Wa alaikumus salam ɗiyata. Na karanta wasiƙarki na ajiye, na yi sallah, na dawo na sake karantawa. Allah ya yi miki albarka da wannan zuciya. Yarinyar da ke Yamai tana shirin karɓar takardarta, amma hankalinta yana ƙofar gida wajen ƙanenta, ba a banza aka raine ta ba. Ki fara cire wa kanki wannan nauyin na cin amana da butulci, domin ba ki aikata ko ɗaya ba tukuna, kuma ina ganin akwai hanyar da ba sai kin aikata ba.

Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai a cikin wasiƙar ba ke ba ce, ba kuma Baba ba. Yaron nan ne. Shekararsa 9. In kin bi hanyar zama lauya ba tare da tuntuɓe ko ɗaya ba, kafin sunanki ya hau babban jerin lauyoyi sai ya kai 14 ko 15. Kurman da ya kai wannan shekarun bai taɓa zama aji ba, bai riƙe alli ba, ba shi da harshen da zai yi hira da kowa sai 'yan alamun "zo" da "ci", an riga an cuce shi cutar da babu hukuncin kotun da zai gyara. Saboda haka kin haɗa tambayoyi biyu a tukunya ɗaya. Maganar aikinki ta shekaru ce, za ta iya jira a yi ta a tsanake. Maganar ƙanenki ta bana ce, kafin a koma makaranta a watan Oktoba, kuma ba ta buƙatar baƙar rigar lauya. Zan dawo kanta.

Mu fara da tambayar Baba, don tambaya ce ta gaskiya ko da ta fito da zafi. Wa zai biya ki? Abin da kika karanta game da Amurka haka yake, amma yana da tushen da ya kamata ki sani. A 1975 suka kafa dokar da ta wajabta wa makarantun gwamnati su karɓi kowane yaro mai naƙasa su koyar da shi kyauta gwargwadon buƙatarsa, bayan an gano cewa yara kusan miliyan ɗaya an bar su waje gaba ɗaya. Dokar ta ce kowane yaro sai an rubuta masa tsarin karatunsa shi kaɗai, iyaye da malamai su zauna a kai, in iyaye ba su gamsu ba akwai inda za su kai kuka. A 1986 suka ƙara da cewa in iyaye sun yi nasara a shari'a, kotu tana iya tilasta wa hukumar makarantar ta biya kuɗin lauyansu. Wannan ƙarin shi ne ya mai da abin sana'ar da mutum zai ci abinci da ita. Lauya a can yana iya karɓar shari'ar talaka saboda ya san akwai aljihun da zai biya shi in ya ci. Mu a nan uwar da za ta zo miki da kuka sau da yawa kuɗin kabu-kabun da ya kawo ta ma rance ne. Baba bai karanta dokar Amurka ba, amma ɗan kasuwa ne ko manomi da ya san cewa duk sana'ar da ba ta da mai saye ba ta daɗewa. Kada ki ɗauki maganarsa a matsayin ƙin naƙasassu. Mutumin da ɗansa na cikinsa kurma ne, ya fi ni da ke sanin zafin abin, kuma ina zaton wani ɓangare na faɗansa tsoro ne: wa zai riƙe yaron nan in shi ya kwanta dama, in ba ke mai albashi ba?

To amma ba daidai ba ne a ce babu abin yi a fannin. Dokoki muna da su. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu ranar 13 ga Disamba 2006, Nijar kuma ta tabbatar da ita a watan Yuni 2008, tana cikin ƙasashen farko-farko. Sashe na 24 ya ce ba za a hana yaro shiga makarantar da kowa ke shiga ba saboda naƙasarsa, ya kuma ambaci koyar da maganar hannu da rubutun makafi da sunansu. Sashe na 13 ya yi magana kan samun shari'a daidai da kowa. Tun kafin wannan, a watan Maris 1993, ƙasarmu ta fitar da doka mai lamba 93-012 kan kariyar naƙasassu, wadda ta ce duk ma'aikatar gwamnati ko ta 'yan kasuwa mai ma'aikata 20 ko fiye ta ware kashi 5 cikin 100 na guraben aikinta gare su. An yi mata gyara a 2010, sannan a Disamba 2019 aka kafa wata sabuwa mai lamba 2019-62 kan shigar da naƙasassu cikin harkokin rayuwa. Ki zagaya ofisoshin Damagaram ki ƙirga matakalar da mai keken guragu zai iya hawa, ki tambayi wani shugaban kamfani ko ya taɓa jin zancen kashi 5 ɗin nan, za ki ga nisan da ke tsakanin takarda da titi. Wannan nisan shi ne gonarki. Kuma ga wani abu: Damagaram tana da kotun ɗaukaka ƙara, amma mafi yawan lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke zaune, tafiyar kilomita kusan 900. Lauya 'yar gari, mai jin Hausa, wadda ta san Birni da Zango da Garin Malam, ba za ta rasa masu ƙwanƙwasa mata ƙofa ba.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne da kyau, domin a nan ne nake ganin kin yi wa Kawu mummunar fahimta. Babu wata takarda da ake kira ta lauyan naƙasassu. Lauya lauya ne. A ƙa'idar da ƙasashen UEMOA, wato na yammacin Afirka masu amfani da sefa, suka daidaita a 2014, sai kin yi masta, kin ci jarrabawar shiga aikin da ake kira CAPA, sannan kin yi shekara 3 kina koyon aiki a ƙarƙashin wani lauyan da ya riga ki. Matasa da yawa a wannan mataki na uku suke maƙalewa, saboda samun ofishin da zai karɓe su ba ƙaramin aiki ba ne. Kawu ya kawo miki wannan gurbin har gida. Ke kina kallonsa kamar ƙofar fita daga burinki, ni kuwa ina ganin ta nan hanyar ta bi. A ofishin mai aikin bankuna za ki koyi rubuta takardar ƙara wadda alƙali ba zai yi watsi da ita ba, ki koyi kiyaye wa'adi, ki koyi yadda ake tsayawa gaban babban lauyan kamfani ba tare da murya ta yi rawa ba. Makaho ko gurgun da zai ba ki amanar shari'arsa gobe, ƙwarewa yake nema a wajenki. Tausayi yana samunsa kyauta a ƙofar masallaci.

Kuma in kin shiga ofishin, ki sa ido kan wasu fannoni uku da suka haɗa burinki da tuwonki. Na farko diyyar haɗarin mota da babur. Kin san yadda kabu-kabu da manyan motoci suke karya mutane a hanyoyinmu, wanda ya fita lafiya da safe ya dawo ba ƙafa. Dokar inshora ta CIMA, wadda Nijar ke cikinta tare da sauran ƙasashe masu amfani da sefa, ta tsara yadda likita ke auna girman naƙasa da yadda ake lissafin diyya, kuma yawancin waɗanda abin ya shafa ba su san suna da haƙƙi ba, ko su sa hannu kan ɗan abin da aka miƙa musu don sun gaji. A nan akwai mai biya, wato kamfanin inshora. Na biyu haɗarin wurin aiki da kuɗin da asusun kula da ma'aikata na ƙasa, CNSS, ke biyan ma'aikacin da ya naƙasa. Na uku gado da riƙon dukiya. Sau nawa muka ga an raba gado an tsallake mai taɓin hankali ko kurma, ko wani ɗan'uwa ya ce zai riƙe masa rabonsa, shi ke nan an ji shiru? Duk wannan aikin haƙƙin naƙasassu ne, ko da ba a rubuta haka a allon ƙofar ofis ba. Da kuɗin waɗannan shari'o'in ne za ki ɗauki nauyin na yaran makaranta, waɗanda ba za su taɓa kawo miki ko dala ba.

Kwankur na alƙalai ma kada ki raina shi. Alƙalin yara guda ɗaya da ya san cewa ba a yi wa kurma shari'a ba tare da mai fassara masa ba, yana iya tsare haƙƙin mutane fiye da lauyoyi goma. Illarsa a wajenki ita ce alƙali ba ya zaɓar ɓangare, ba ya zaɓar garin da za a tura shi, kuma daga yadda kika rubuto na ga ke mai son tsayawa kusa da mutum ce ki yi magana da bakinsa. Akwai kuma hukumar ANAJJ da aka kafa da dokar Disamba 2011 don taimaka wa marasa ƙarfi a harkar shari'a, tana da ofisoshi a manyan kotuna, kuma naƙasasshen da ba zai iya kare kansa ba yana cikin waɗanda doka ta ce a taimaka wa. Ki je ofishinsu na Damagaram a wannan hutun ki gabatar da kanki, ki ga irin mutanen da ke zuwa da irin kukan da suke kawowa. Ƙungiyoyi masu zaman kansu su ma suna ɗaukar masana shari'a, sai dai aikinsu na furoje ne, yau akwai kuɗi gobe an rufe. Ki ɗauke shi ƙari, kada ki gina gidanki a kansa.

To mu dawo kan autanku. Kada ki kai daraktan nan kotu, aƙalla ba yanzu ba. Abin da ya yi kuskure ne, kuma ba ni da niyyar wanke shi. Amma ni na yi aikin koyarwa kafin in fara wannan rubutu, kuma zan faɗa miki abin da har yau yake damuna. Na taɓa riƙe aji mai yara fiye da 80, a cikinsu akwai wata yarinya da na ɗauka daƙiƙiya ce, kullum tana can baya ba ta kwafar komai daga allo. Sai da shekara ta kusa ƙarewa na gane ba ta gani ne sosai. Da na dawo da ita layin gaba tun farko, da wataƙila rayuwarta ta canja. Ba mugunta ta sa ni ba, babu wanda ya taɓa koya mini yadda ake lura da irin wannan. Daraktanku mai yiwuwa irina ne a wancan lokacin: aji cike, wasu azuzuwan na zana, malamai 'yan kwantiragi da ba su taɓa ganin ana koyar da kurma ba. In kika maka shi a kotu, shari'a za ta ɗau lokacin da ƙanenki ba shi da shi, unguwa za ta rabu biyu, Inna ce za ta riƙa haɗuwa da matarsa a wajen biki, kuma ko kin ci, kin tura yaro ajin da ake jin haushinsa.

Ga yadda zan yi in ni ce ke. Da kin sauka gida, ki kai shi babban asibitin Damagaram a duba kunnensa a auna abin da ya rage na jinsa, a ba ku takardar likita. Sanƙarau ba ya ɗauke ji daidai wa daida ga kowa, wani yana da saura a kunne ɗaya wanda na'ura za ta taimaka masa, kuma tun da ya yi shekara 4 yana ji yana magana kafin ciwon, yana da tushen Hausa a kansa wanda malami zai iya ɗorawa a kai. Ki duba ko yana da takardar haihuwa, in babu ki nema masa ta kotu tun yanzu, don rashinta yana hana yara da yawa zama jarrabawa. Sannan ki je makarantar kurame da ke nan cikin Damagaram da ƙafarki, ki gana da malamanta, ki ji sharuɗɗan shiga, ki gaya musu shekarunsa ba tare da ɓoye komai ba. Ban ga kin ambace ta a wasiƙarki ba, shi ya sa nake zaton ba a taɓa nuna wa Inna hanyarta ba. Ga yaron da ba ya ji kwata-kwata, zama cikin 'yan'uwansa masu maganar hannu sau da yawa ya fi masa amfani a farko fiye da zama a ajin da malami ke magana shi yana kallon baki.

In kuma nisa ko rashin gurbi ya hana, sai a koma ga lakwal ta unguwa, amma wannan karon a rubuce. Inna ta je sau biyu da baki, kuma maganar baki iska ce. Ki rubuta takardar neman rajista da sunan Baba, cikin ladabi, ki ambaci sashe na 24 da dokar 2019, ki haɗa da takardar likita, ki kai kwafi biyu a buga miki hatimi a ɗaya ki riƙe. Ki nemi ganin shugaban kwamitin kula da tafiyar da makarantar, wato COGES, ki tafi da wani dattijon unguwa da ake jin nauyinsa. Kada ki je da "doka ta ce" kawai, ki je da abin da zai sauƙaƙa wa malami: a zaunar da shi gaba, a riƙa fuskantarsa in ana magana, a rubuta masa umarni a allo, a haɗa shi da wani yaro mai haƙuri. In an ƙi, takarda ta biyu ta tafi wajen sufeton makarantun firamare, ta uku ofishin ilimi na jiha. Ke da kika karanta dokar mulki kin san cewa ko kotun ma sai da shaidar an nema an hana take sauraron mutum, kuma wa'adinta gajere ne. Kin ga ashe ba ki yar da makaminki ba, kin ajiye shi ne a inda zai yi amfani in an kai can. Wannan ita ce shari'arki ta farko, kuma ina fatan ki ci ta ba tare da kin taka ƙofar alƙali ba.

Akwai wani abu da ba ki faɗa ba, ni kuma zan tambaya. Kina iya hira da ƙanenki? Ba nuni da hannu na "kawo ruwa" ba, hira ta sosai, wadda zai gaya miki wanda ya dake shi da abin da yake tsoro da abin da yake so ya zama. In amsar a'a ce, to nan ne farkon karatunki na gaske. Kuramen ƙasar Hausa suna da maganar hannunsu tun kaka da kakanni, ta makaranta kuma tana da nata bambancin. Ki nemi kurma babba ya koya muku, ke da Inna da duk wanda ya yarda a gidan, ko da sau biyu a mako ne, ku biya shi ladansa kamar kowane malami. Lauyar da za ta zauna da kurma ta fahimce shi ba tare da wani a tsakani ba, a ƙasar nan, abin nema ce da fitila. Inna kuwa ki riƙa yaba mata. Matar da aka kora sau biyu, aka kuma ba ta shawarar bara ta ƙi, ita ta fara wannan gwagwarmayar kafin ke.

Sannan ki yi hattara da wani tarko da masu kyakkyawar niyya ke yawan faɗawa, wato zuwa wa mutane a matsayin mai ceto. Naƙasassun Nijar ba zaune suke suna jiran ki ba. Suna da tarayyarsu ta ƙasa, FNPH, makafi suna da ƙungiyarsu, kurame suna da tasu, cikinsu akwai malamai da ma'aikata da waɗanda suka yi shekaru suna fafatawa kafin a samu dokar 2019. A gargajiyance ma garuruwanmu suna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, masu sasanta jama'arsu da kai kukansu fada. Ki je ki gaishe su, ki zauna ƙasa ki saurara. Ki shiga Kara-Kara, unguwar da tun asali aka ware wa masu cutar kuturta, ki ji da kunnenki abin da wariya ke haifarwa har ga jikoki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wataƙila ke kina tunanin manyan shari'o'i, su kuma su ce miki abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne takardar ɗan ƙasa, ko rumfar kasuwa da aka ƙwace, ko mai fassara a asibiti.

Ki sayi babban littafi ki riƙa rubuta duk abin da aka kawo miki, da izinin masu shi: shekarun yaro, irin naƙasarsa, ajin da aka hana shi, dalilin da aka bayar, abin da aka yi, yadda ta ƙare. Bayan shekara biyu za ki ga kina riƙe da abin da mutane kaɗan ke da shi. Daga ciki za ki fitar da batun kundin mastarki, kuma jami'ar André Salifou da ke nan gida tana da tsangayar ilimin koyarwa inda za ki samu malaman da za su cike miki ɓangaren da shari'a ba ta koya miki ba. Irin wannan shaidar ce kuma ƙungiyoyi ke kai wa kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai bin diddigin yarjejeniyar, wanda ya duba rahoton Nijar a 2019. In wata rana babbar shari'a ta zama dole, da irin wannan shiri ake cin ta. Ki tuna Hadijatou Mani, wadda kotun ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, CEDEAO, ta ba gaskiya a kan gwamnatin Nijar a watan Oktoba 2008 kan bauta, aka ce a biya ta sefa miliyan 10. Mace ɗaya ce ta tsaya gaban alƙalai, amma a bayanta akwai ƙungiya da lauyoyi da suka daɗe suna tattara hujja.

Saura Baba. Wata biyu ya yi yawa, ɗiyata, kuma ke ce ƙarama, ke za ki fara. Kada ki yi ta waya. Ki bari sai kin zo, bayan sallar isha'i in gida ya yi shiru, ki durƙusa ki ba shi haƙuri kan shirun da ya shiga tsakaninku, ki ambaci gonar nan da bakinki ki nuna masa ba ki manta ba. Sannan ki ba shi amsar tambayarsa, don har yanzu ba ki ba shi ba. Ki ce kin karɓi gurbin Kawu, za ki yi masta ki nemi zama cikakkiyar lauya, za ki ci abinci da shari'ar diyya da gado da kasuwanci, wani kaso na lokacinki kuma na irin su auta ne. Ki faɗa masa shekarun da abin zai ɗauka ba ragi. Ki roƙe shi abu ɗaya: ya sa hannu a takardar makarantar, in da hali ya raka ki da kansa, domin zuwan uba yana da nauyin da naki da na Inna ba su da shi a idon darakta. In ya sake cewa lauyar makafi, ki tuna masa a hankali, ba da sigar wa'azi ba, cewa saboda makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, aka saukar da farkon Suratu Abasa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin shi ya kula da Madina in zai yi tafiya. Baba ya san wannan tun kafin a haife ki. In kin ga maganar za ta yi tsauri, ki sa Kawu ko wata gwaggonki ta jini a tsakani. Shi Kawu ki gode masa da kyau, ki kuma gaya wa lauyan da zai karɓe ki gaskiyar inda kika dosa tun ranar farko. Da yawansu ba sa ƙin a samu mai ɗaukar shari'o'in taimako a ofishinsu.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai ranakun da za ki ga abokan karatunki sun sayi mota ke kina lissafin kuɗin haya, akwai shari'ar da za ki sa ranki a kai ki faɗi, akwai iyayen da za ki yi wa wahala su janye a tsakiya don an ba su baki. Yanzu zafin abin da aka yi wa ƙanenki ne ke tura ki, kuma zafi yana hucewa. Shi ya sa nake so ki yi hutun nan cikin mutanen, ki ga ko bayan an sa auta a makaranta har yanzu zuciyarki tana wajen 'ya'yan wasu. In tana can, alhamdu lillahi, kin samu aikin rayuwarki. In kuma kin ga ta karkata wani wajen, babu laifi a kanki ko kaɗan, kin dai sauke haƙƙin ɗan'uwanki kuma kin fito da sanin da zai bi ki duk kujerar da kika hau.

Ki gaishe mini da Inna, ki ce ina yi mata sannu. Ki shafa mini kan auta. Ranar da aka rubuta sunansa a rajista, ki rubuto mini ki gaya mini ajin da aka sa shi da wanda ya raka shi.

Gwaggonku